Dafaffen ƙwai da ƙwan biki: abin da masu girki suka ce

Inda aka fi ja-in-ja shi ne ruwan da za a fara da shi. Wasu na zuba ƙwai a ruwan sanyi su ɗora tare, wasu sai ruwa ya tafasa sannan su saka shi a hankali da ludayi. Na biyun sun fi hujja a ganina, don ɓawon nasu kan salluɓe ba tare da ya yago farin ba. Minti 10 zuwa 12 ya isa, sai a tsame a jefa cikin ruwan ƙanƙara. Koren zoben nan da ke zagaye gwaiduwa alamar dahuwa ta wuce ce: sinadarin ƙarfe na gwaiduwa ne ya haɗu da farar wuta ta farin. Ba ya cutarwa, muni kawai gare shi. Kuma ƙwan da ya kwana 7 zuwa 10 ya fi sabo sauƙin ɓarewa.

Na biki kuwa, a raba shi biyu a tsaye, a goge wuƙar bayan kowane yanka, a murƙushe gwaiduwar da mayonis da mastad da ɗan barkono, a mayar cikin ramin. Mai son launi ya jiƙa ɓararren ƙwai a ruwan kurkum ya yi rawaya, ko ya dafa shi da ɓawon albasa.

Babu wanda ya musa cewa kada ya wuce awa 2 a faranti gaban baƙi. A firij dafaffen ƙwan da ba a haɗa shi da komai ba yana kai mako guda, amma na biki ba ya kai haka.