Shin shirin lafiya na CSU a Kamaru yana ɗauke kuɗin maganin yara?

Uwar 'Yan Biyu, Garwa:
Assalamu alaikum. Tun da aka ƙaddamar da shirin CSU, wato shirin gwamnati na kiwon lafiya ga kowa, a 2023 nake jin cewa ana duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma jiya da na kai ɗana da ciwon kunne, sai da na sayi magani da kuɗina. Ina gaskiyar take?

Malamin Asibiti, Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ganin likita ne kyauta ga yaron da aka yi wa rajista, tare da maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne ya fi kwantar da yaranmu da damina. Sauran magunguna kuwa har yanzu daga aljihun iyaye suke fita, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa.

Baba Alhaji, Ngaundere:
Malam ya faɗi daidai. Ina ƙara da cewa takardar Chèque Santé ta sefa 6,000 tana ɗaukar awon ciki, haihuwa, da kula da jariri har kwana 42. Surukata ta ci moriyarta bara.

Uwar 'Yan Biyu:
Na gode. Gobe zan yi wa ƙanwar ɗan nawa rajista.