Ruwa a Ƙwaƙwalwa: Wa Ya Taɓa Jinyar Mai Irin Wannan?

Autan Malam:
Assalamu alaikum. Tun watan Mayun 2025 da mawaƙin nan na Amurka, Billy Joel, ya soke duk wasanninsa nake son mu yi wannan magana. Likitoci sun gano ruwa ya taru a ƙwaƙwalwarsa, irin wanda suke kira NPH, yana da shekara 76. Sanarwar ta ce abin ya taɓa jinsa da ganinsa da tsayuwarsa. Kafin nan, a watan Fabrairu, ya faɗi a kan dandamali ana tsakiyar wasa. Daga baya ya ce ji yake kamar yana cikin jirgin ruwa.

Wannan kwatancen ne ya tsaya min a rai, don shekara biyu ke nan Babanmu yana cewa ƙasa ba ta tsaya masa. Jan ƙafa yake kamar an manne ta da daɓe, in zai juya sai ya yi ƙananan taku biyar ko shida. Ya bar jan sallah a masallacin ƙofar gida, sai daga baya Inna ta faɗa min a ɓoye cewa fitsari ke kuɓuce masa. Ga mantuwa ta shigo. Kowa na cewa tsufa ne, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin haka ya faɗa min yadda suka yi.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kamar Hajiyarmu kake kwatantawa. Shekara guda cur muna ba ta maganin cutar Fakinsan, mai sa karkarwar jiki da jan ƙafa, a wani asibiti, babu ko alamar sauƙi, har wani likitan ya ce a yi mata hoton kai na MRI. Nan aka ga kogunan ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa sun buɗe fiye da kima.

Ba su yi gaggawar aiki ba. Sai da suka sa ta yi tafiya a barandar ɗakin jinya, ana duba agogo, ni kuma ina ɗaukarta a waya. Sannan aka sa mata allura a ƙasan gadon baya aka zuƙe ruwa, wanda bai kai rabin kofin shayi ba. Bayan 'yan awoyi aka ce ta sake tafiyar. Wallahi sai ga Hajiya tana ɗaga ƙafa, ta juya ba ta riƙe bango ba. Na kasa riƙe wayar don kuka. Bayan kwana biyu jan ƙafar ya dawo, likitan ya ce dama haka ne, gwajin ya nuna aikin zai yi mata amfani.

An sa mata wani siririn bututu da suke kira shant. Daga cikin kai yake fitowa, ya bi ta bayan kunne a ƙarƙashin fata, ya gangara wuya da ƙirji har cikin ciki, can ruwan ke zuba jiki ya shanye. In ina mata kitso yatsana na jin ɗan tudunsa.

Amma gaskiya ɗaya ce: tafiya ta dawo sosai, fitsarin ma da sauƙi, mantuwar kuwa kaɗan ta ragu. Har yau takan tambaye ni sau uku ko yara sun ci abinci. Ina yawan tunanin shekarar nan da muka ɓata.

Nas Mai Dare:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. A ɓangaren tiyatar ƙwaƙwalwa nake aiki. Ruwan nan ba baƙo ba ne, kowa na da shi. Jiki na yin kusan rabin lita a kullum, yana shanye shi, abin da ke zagayawa a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba. In shanyewar ta samu cikas sai ya taru. Wani likita ɗan Kolombiya, Salomón Hakim, shi da abokan aikinsa suka bayyana irin na tsofaffin nan a 1965, da alamominsa uku: tafiya, fitsari, tunani. Yawanci masu shekara 60 zuwa sama yake kamawa, kuma tafiyar ce kan fara lalacewa, ita ce kuma ta fi saurin gyaruwa.

Sai dai Auta, kada ka yanke hukunci daga gida. Na ga dattawan da aka kawo da irin wannan ƙorafi, ashe ciwon suga ne, ko kumburin mafitsara, ko ƙananan shanyewar jiki. Ku nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa mafi kusa da ku.

Tela Ɗan Birni:
Ni a jikina abin yake. Sanƙarau na yi a annobar 1996 ina ɗan shekara shida, bayan na tashi ruwa ya taru. Aka sa min bututun, da shi na girma, na yi aure, ina taka keken ɗinki daga safe har dare. Sau ɗaya ya toshe. Ciwon kai na tashi da shi kamar ana buga min guduma, sai amai, sai barci mai nauyi. Matata ce ta ƙi yarda da cewa zazzaɓin cizon sauro ne, ta nemo mota a daren, da safe aka canja shi. Duk mai jinyar mai bututu ya haddace waɗannan: ciwon kai mai tsanani, amai, yawan barci, zazzaɓi, ko fata ta yi ja a kan hanyar bututun. Ba a kwana da su a gida. Kuma in za a yi MRI a faɗa musu tun farko, don akwai nau'in da maganaɗisu ke canja wa saiti.

Ummu Yasmin:
Nawa na jaririya ne. Tana wata huɗu hula ta daina shigarta, maɗigarta ta kumbura, ƙwayar idonta na kallon ƙasa. An ce iska ce, an yi hayaƙi, an yi rubutu. Awon kai a wajen rigakafi ne ya tona asirin. Ita ba a sa mata bututu ba, ƙaramar kafa aka buɗe a ciki da na'ura mai kyamara don ruwan ya samu hanya. Yanzu tana aji biyu, lissafi ne kawai ke ba ta wuya.

Autan Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Biyu, yau da yamma na ɗauki tafiyar Baba a waya daga zaure zuwa tabarmarsa, taku ashirin da uku. Na nuna wa Yaya, ya amince mu kai shi ranar Litinin. Abin da ya rage min shi ne maganar fitsarin, don Baba ba zai taɓa faɗinta a gabanmu ba. Shin in rubuta wa likitan a takarda in miƙa masa kafin mu shiga, ko in bar Inna ta shiga da shi?

Maman Biyu:
Rubuta ka miƙa, sannan ku fita ku bar su da Inna. Ka tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiyar.