Taƙaitawa: rufe fayil da soket a sabar

Ga abin da na tsinta daga wata tattaunawa kan yadda shirin kwamfuta zai riƙa rufe fayil da soket (ƙofar sadarwa da wata na'ura) da ya buɗe a sabar (kwamfutar da ke amsa buƙatun masu amfani):

1. Baki ya zo ɗaya: wanda ya buɗe, shi zai rufe. Harsunan rubuta shiri suna da hanyoyin tabbatar da rufewar: a Java akwai try-with-resources tun 2011, a Python akwai with, a Go kuma defer.
2. Linux kan ƙayyade wa shiri buɗaɗɗun fayiloli 1024, har da soket. Da sun cika, sai "Too many open files" ya bayyana, sabar ta ƙi karɓar kowa. A duba abin da shiri ya buɗe da umarnin lsof -p.
3. Kada a jira mai kwashe sharar ƙwaƙwalwa (garbage collector, mai share abin da shiri ya daina amfani da shi) ya rufe su, ba shi da lokacin zuwa.
4. An rabu kan defer cikin madauki (loop, umarnin da ake maimaitawa), domin ba ya rufe komai sai aikin (function) da yake ciki ya ƙare gaba ɗaya. Wasu sun ce a rufe da hannu, wasu a ware ƙaramin aiki daban. Ni na biyun na fi so.