Gidajen dutse na Jirokasta: ina hannun Turkawa, ina na 'yan gari?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ana cewa Jirokasta, a kudancin Albaniya, garin zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa ne, amma gidajensa ba su yi kama da na Istambul ba. Me aka aro daga waje, me 'yan gari suka ƙaga?

Magini:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka dubi gidan daga ƙasa zuwa sama. Hawan ƙasa dutse ne zalla, bango mai kauri, tagogi 'yan ƙanana, ga rumbu, ga tankin tara ruwan sama daga rufi. Wannan na 'yan gari ne: gangaren dutse, ƙarancin ruwa a unguwannin sama da tsoron hari suka sa haka. Hawan sama kuwa salon Usmaniyya ne: ɗakin baƙi da suke kira oda, da kujerun jikin bango, da murhu mai ado, da silin katako sassaƙaƙƙe. Gidan Zekate, wani sanannen gida a garin, na wajen 1811, ya haɗa duka biyun.

Rufin shi ne abin kallo. Falalen duwatsu ake jerawa, wani kan wani, ba siminti ba laka, nauyinsu ne ke riƙe su a kan katako. Idan dutse ɗaya ya goce, ruwa ya samu ƙofa, katakon ya ruɓe, sai rufin ya rufta ya ja bango. Gidan da masu shi suka yi ƙaura aka kulle, shi ke fara faɗuwa.

Ɗalibar Tarihi:
Malam Magini ya yi daidai, sai dai kada a manta da Rumawan Bizantiya, da suka taɓa mulkin yankin kafin Turkawa. Sunan garin ya bayyana a rubuce tun 1336, ganuwar tsaron da ke kan dutsen garin kuwa ta riga zuwan Turkawa. Ali Pasha na Tepelena, gwamnan Usmaniyya a yankin, ya faɗaɗa ta bayan 1811, ya jawo mata ruwa daga dutsen Sopot. Gidajen da ake gani yau galibi na ƙarni na 17 zuwa na 19 ne.

Magini:
Haka ne, Malama. Wani abu kuma: ana shimfiɗa katako a kwance cikin bangon don ya ɗaure shi lokacin girgizar ƙasa. Masu gyara da siminti suna cutar ginin ƙwarai, domin siminti na tsare danshi, katakon ya ruɓe a ɓoye. Farar ƙasa da yashi ya kamata a kwaɓa.