Wai duk libarbar da ta wuce .44 Magnum ɓarna ce a kan barewa?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ga maganar da na kawo, wanda bai yarda ba ya zo da hujja. Barewar Amurka mai farin wutsiya ba babbar dabba ba ce. Yawancinsu kilo 45 zuwa 90 ne, kaurin ƙirjinta daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari bai cika wuce ƙafa ɗaya da 'yan inci ba, kuma a dazuzzukan gabashin ƙasar harbin libarba, bindigar hannu mai ganga mai juyawa, ba kasafai yake wuce yadi 75 ba. Libarba .44 Magnum mai bututu inci 6 zuwa 7 da rabi, da ƙwaya mai giren 240 (giren ma'aunin nauyin ƙwaya da albarushi ne) tana gudun ƙafa 1,200 zuwa 1,350 a sakan, ta gama wannan aiki tun da Remington da Smith & Wesson suka fito da ita a tsakiyar shekarun 1950. Su manyan harsasai irin .454 Casull da .460 da .500 ba su ƙara wa maharbin barewa komai ba sai shuri da ƙara da tsadar albarushi.

Nasiru: Wa alaikumus salam, Malam. Rabin maganarka na karɓa. Inda muka rabu, ka sa .44 a kan gadon sarauta alhali mai ɗurin hannu, wato mai haɗa harsashinsa da kansa, yana da .45 Colt. A cikin Ruger Blackhawk mai babban jiki, ko Redhawk, ana tura ƙwaya mai giren 300 ƙafa 1,200 a sakan da matsin da bai wuce psi 30,000 ba (psi ma'aunin matsin wuta ne a cikin bindiga). Ita .44 ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka, ta ba ta har 36,000. Gindin ƙwayar .45 ya fi faɗi, inci .452 a kan .429, shi ya sa take yin aiki ɗaya da matsi ƙasa da haka. Rami ya fi faɗi, ƙara ta fi taushi. Kai, ko ɗurin tsaka-tsaki, giren 255 a ƙafa 1,000, yana ratsa barewa ya fita ta ɗaya gefen.

Baba Ilu: Nasiru, ɗana, lissafinka daidai ne, amma ka tsallake inda gizo ke saƙa. Harsashin .45 Colt na 1873 ne, zamanin baƙin albarushi irin na adaka, shi ya sa kwansonsa yake da ciki haka. Iyakar da SAAMI ta sa masa psi 14,000 ce. Wannan ɗuri na 30,000 da kake faɗa babu shi a ƙa'idarta. Littattafan ɗuri ne suke ware masa shafi daban, su rubuta cewa na Ruger ne kawai da makamantanta. Kuma ba kowace Ruger ba. New Vaquero da aka fito da ita a 2005 ƙaramin jiki gare ta, bangon gangarta siriri ne. Colt ta asali da kwafinta da Uberti da Pietta suke ƙerawa a Italiya, balle su. Harsashi biyu, kamanninsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya matsi. In suka haɗu a aljihu ɗaya aka sa mai zafin a tsohuwar bindiga, ganga ce za ta fashe, ƙarfen saman ya tashi, a gaban fuskar mutum. A .44 Magnum babu wannan tarko: duk bindigar da aka buga wa wannan suna an gina ta ne don cikakken matsinsa.

Nasiru: Haka ne, Baba. Maganinsa akwati daban, rubutu a jiki, da shafa wa gindin kwanso jan fenti.

Baba Ilu: Yana ragewa. Amma wanda zai fara ɗuri bana, .44 zan nuna masa.

Injiniya Bello: Ku yi haƙuri, ni ban yarda da kalmar ɓarna ba. Malam Habu ya zaɓi dajin da ya dace da hujjarsa. A bakin gonakin masara na jihar Ayowa ko Ohayo barewa tana iya tsayawa a yadi 130 ko 150. Ɗauki .44 mai giren 240 a ƙafa 1,350, ka daidaita saitinta a yadi 75. A yadi 50 tana sama da kamar inci 1, a yadi 100 ta faɗi kamar inci 3, a yadi 150 ta faɗi wajen inci 15, gudunta kuma ya ragu har ƙwaya mai ramin kai ba lallai ta buɗe yadda ake so ba. .454 Casull tana aiki a psi 65,000, tana tura giren 300 ƙafa 1,600. Ƙarfinta a bakin bututu ya kai fam-ƙafa 1,700 a ma'aunin ƙarfin ƙwaya, na .44 bai cika 1,000 ba. Sa mata madubin saiti mai ninki 2 zuwa 4, ka jingina a kan sanda mai ƙafa uku, ka ga harbin da .44 za ta haƙura da shi ya zama halal a gare ka. Kuma mai ɗurin hannu yana iya sassauta ta ta koma kamar .45 Colt. Babba tana yin aikin ƙarama, ƙarama ba ta yin na babba.

Hajiya Rabi: Injiniya, a takarda ka yi gaskiya. Amma bindiga hannun mutum ke riƙe ta. Shurin .454 da wannan ɗuri ya kusa ninka na .44 a bindigogi masu nauyi kusan ɗaya, wajen kilo ɗaya da rabi. Abin da shuri yake haifarwa shi ne zabura: jiki ya san dukan da ke tafe, sai hannu ya danna bakin bindiga ƙasa kafin kunama ta saki. A yadi 100, bakin bututu mai inci 7 da rabi in ya kauce da kaurin farce, ƙwaya ta bar huhu ta koma tumbi ko ƙafa. Dabba ta tafi da rauni ta mutu bayan kwana biyu a inda ba wanda zai ci namanta, wannan alhaki ne. Gwajin mai sauƙi ne. A kafa farantin takarda mai faɗin inci 8, daidai da wurin huhu da zuciya. A harba daga zaman da za a yi a daji, ba daga tebur ba. Nisan da biyar cikin biyar suka shiga, nan ne iyakar mutum. A gano zabura kuwa, wani ya cika gangar da harsashi uku da kwanso uku marasa komai, maharbi bai san jerinsu ba. Da kunama ta faɗa kan wofi za a ga bakin bindiga ya yi sujada. Mutane da yawa da libarba faranti yana tsayar da su ne a yadi 50 zuwa 75, kuma a nan .454 ba ta da abin da za ta nuna wa .44.

Injiniya Bello: To wanda farantinsa ya kai 150 fa, Hajiya?

Hajiya Rabi: Shi ya saya, ya cancanta. Amma ya san bai kai nan ba sai da ɗaruruwan harsasai masu sauƙin shuri.

Malam Habu: Zancen sassauta .454 kuma yana da nasa sharaɗi. Kwansonta inci 1.383 ne, na .45 Colt 1.285. In ana harba gajeren a ɗakin dogon, baƙin datti da dalma suna taruwa zobe a gaban bakin kwanso. A sa dogon ba a wanke ba, zoben ya matse bakinsa, ya hana shi sakin ƙwaya, matsi ya haura a harsashin da dama yana kan iyaka. Gara a yi sassauƙan ɗurin a kwanson .454 ɗin kansa, da albarushin da littafi ya ba da don haka. Firaimarta, wato abin da ke tada wuta a gindin kwanso, ma daban ce, ƙaramar ta doguwar bindiga take ɗauka.

Ɗanjuma: Yayyena, kun tsaya kan lambar bututu, ni kuwa ina ganin ƙwaya ce ke kashe barewa. Mene ne zaɓinku, zubin dalma mai tauri ko mai ramin kai?

Nasiru: Zubi, mai faɗin goshi. Irin fasalin Elmer Keith, shahararren maharbin Amurka, ma'aunin zubin Lyman 429421 mai giren 250 a .44, ko masu faffaɗan goshi irin na kamfanin LBT. Goshin shi ke yanka nama, ba ya dogara da buɗewa, saboda haka ko gudu ya ragu aikinsa ɗaya ne. Yana karya allon kafaɗa ya wuce, ya bar rami biyu. Rami na fita shi ke zubar da jinin da za a bi sawu.

Hajiya Rabi: Ga barewa ni na fi son mai buɗewa, kamar Hornady XTP giren 240. Huhu abu ne mai taushi. Ƙwaya mai tauri da ta bi tsakanin haƙarƙari ba ta taɓa ƙashi ba, ramin da take bari bai fi goshinta da yawa ba, dabba tana iya sheƙa yadi 100 cikin duhuwa, fata da kitse su toshe ramin. Mai buɗewa tana zama kamar laima, ta ɓarke huhu biyu, kuma a giren 240 galibi tana fita. Abin gudu shi ne ƙwaya mara nauyi, giren 180, da aka yi don wata manufa aka kora da gudu: tana tarwatsewa a kafaɗa. A .454 wannan ya fi tsanani, ƙwayar da aka yi don gudun .45 Colt rigarta siririya ce, shi ya sa Hornady ta yi XTP Mag mai kaurin riga.

Baba Ilu: Ku biyun kuna da gaskiya, inda za a sa ƙwayar ne ya bambanta. Mai zubi ya nemi kafaɗa, ya yarda zai yi asarar ɗan nama. Mai ramin kai ya nemi bayan kafaɗa, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji. Kuma a duba dokar jiha kafin a sayi komai. Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yuli 2019, sai jan ƙarfe zalla irin Barnes XPB. Ita ta fi ta dalma tsawo a nauyi ɗaya, tana cin wuri a cikin kwanso, don haka ba a ɗaukar ma'aunin albarushin wata ƙwaya a sa mata. Ohayo tana son bututu aƙalla inci 5 da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso daga .357 zuwa sama.

Ɗanjuma: Baba, masu zubi suna kuka da dalma tana manne wa bututu. Tauri ne ya yi kaɗan?

Baba Ilu: Sau da yawa akasin haka ne. Girma ne matsalar kafin tauri. Ƙwaya tana bi ta maƙogwaron ganga kafin ta shiga bututu. In maƙogwaron ya fi bututun ƙunci, sai ya sirance ta, ta shiga bututu tana lilo, iskar wuta ta bi gefenta tana narkar da dalma tana shafawa. An sha samun Ruger .45 Colt da maƙogwaro .449 ko .450 alhali bututu .451 ne, maƙerin bindiga yana buɗe su zuwa .4525, sai ka ga ƙwayoyi sun taru wuri ɗaya. A auna dukkan shida. Ƙwayar da ta dace ita ce wadda ɗan yatsa zai tura ta ta maƙogwaro da ɗan ƙarfi; a .44 yawanci .430 ko .431. Taurin dalma 12 zuwa 16 a ma'aunin tauri na Birinel ya isa barewa. Mai 22 a ɗuri mai sanyi ba ta kumbura ta toshe bututu, ita ce ma ta fi yin datti. In za a wuce ƙafa 1,300, a sa mata hular jan ƙarfe a gindi.

Injiniya Bello: Tunda an shiga ɗuri, bari in faɗi abin da ko ni mai goyon .454 ba na wasa da shi. Ma'aunin albarushi daga littafin kamfanin da ya yi albarushin ko ƙwayar ake ɗauka, na Hodgdon ko Hornady ko Speer ko Lyman, a gwada biyu a ga sun yi kusa. Ba a awo da ido ko tafin hannu kamar na adaka; sikeli ne, har kashi ɗaya cikin goma na giren. A fara daga ƙasan jadawali, a hau da rabin giren ko ƙasa da haka, biyar-biyar, ana auna gudu da na'ura. Albarushin H110 da Winchester 296 abu ɗaya ne, su ke ba da cikakken gudu, amma suna son kwanso ya cika da firaimar magnum, kuma ba a saukar da su ƙasa da farkon jadawali. In aka rage, musamman cikin sanyin Nuwamba, wuta ba ta kamawa sosai, ƙwaya ta maƙale a bututu, ta biyu ta same ta. Duk harbin da ƙararsa ta yi rauni, a tsaya, a sauke harsasai, a zura sanda a duba. Mai son ɗurin tsakiya ya koma 2400 ko Unique. Su masu saurin ci irin Unique haɗarinsu daban ne: kaɗan ake zubawa, kwanso yana ɗaukar ninki biyu ba tare da ya zube ba. A jera kwansuna hamsin a allo, a haska da fitila a leƙa kowane kafin a ɗora ƙwaya.

Malam Habu: Kada kuma a jira firaima ta baje kafin a ce matsi ya yi yawa. A libarba alamar ba ta da tabbas. In kwanso ya fara ƙin fita sai an buga, ko gudu ya wuce na littafi da bututu mai tsawo ɗaya, an riga an wuce gona da iri.

Nasiru: Saura ɗaurin bakin kwanso a jikin ƙwaya. Shuri yana fizgar bindiga baya, ƙwayoyin da ke sauran ɗakuna suna zamewa gaba. In ɗaya ta leƙo ta gaban ganga, ganga ta ƙi juyawa, a daidai lokacin da ake neman harbi na biyu. A yanke kwansuna tsawo ɗaya, inci 1.275 a .44, don ɗaurin ya zo daidai. A zaunar da ƙwaya, sannan a naɗe baki cikin tsagin da aka yi mata, mataki biyu daban. In naɗin ya yi yawa kwanso yana kumbura ya saki ƙwayar. Riƙon gaske daga matsin wuyan kwanso yake. Gwaji: cika shida, auna ɗaya ka yi mata alama, harba biyar, sake cikawa ka sake harba biyar, ka auna mai alamar. In ta ƙaru da fiye da kaso kaɗan cikin dubu na inci, a gyara.

Ɗanjuma: To Malam Habu, ka janye kalmar ɓarna ko tana nan?

Malam Habu: Na janye ta ga mai gonar masara da madubi da sanda, wanda farantin Hajiya ya shaide shi a yadi 125 zuwa sama. Ga sauran tana nan. Da Nasiru kuwa ban ga abin raba mu ba sai wancan akwatin mai jan fenti.

Injiniya Bello: Ni ban janye ba, amma na karɓi faranti a matsayin alƙali. Ɗanjuma, ko wacce ka ɗauka, hannun hagu kada ya wuce gaban ganga. Ratar da ke tsakanin ganga da bututu kaso 4 zuwa 8 ce cikin dubu na inci, iskar da ke fita ta nan tana yanka yatsa, a .454 da .460 har ƙashi. In za ka jingina a sanda, jikin bindigar ko wuyan hannunka za ka ɗora, ba wajen ratar ba, kuma abin toshe kunne ya shiga kafin ka ja kunama ko a daji ne.