Muhawara: Shin Kano ta yi daidai da ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Ni fa har gobe ina kan bakana. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta yi daidai da ta dakatar da ɗigon shan inna a 2003, ta ce sai an gwada. Ƙorafi aka kawo mata cewa akwai sinadarin hana haihuwa a ciki, kuma ba daga 'yan tasha ba, daga bakin likita ne, Dakta Datti Ahmed. Me ake so shugaba ya yi? Ya toshe kunnensa?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka san abin da wannan dakatarwa ta jawo kuwa? Kusan shekara guda ba a ɗiga wa yaran Kano ba, sai a Yulin 2004. Cutar ta tsallaka Nijar da Chadi da Sudan, ta kai Yemen da Indonesiya a 2005. A 2006 yaran da ta kama a Najeriya sun haura 1,000. Waɗannan yaran yau samari ne da 'yan mata, wasu na jan ƙafa, wasu na kan keken guragu.

Dakta Nura: Malam Habibu, a nan muka rabu. Maganar likita ɗaya, komai girmansa, ba ita ce shawarar masana ba. Lokacin ma yana magana ne a matsayin shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a. Shawarar masana ita ce a tara waɗanda suka san fannin, su bayyana ko suna da wata alaƙa da kamfanin magani ko da gwamnati, su gwada, su rubuta yadda suka gwada, wani ɗakin gwaje-gwajen ya maimaita ya ga ko zai sami abu ɗaya. Daga nan gwamna ya yanke hukunci, don hukuncin nasa ne.

Malam Habibu: To ai an kafa kwamiti, Dakta. Masanan da Kano ta sa sun ce sun ga ɓurɓushin sinadarin.

Dakta Nura: Gwamnatin Tarayya ma ta kafa nata, ta tura samfur Afirka ta Kudu da Indiya, aka ce ɗigon lafiyarsa ƙalau. Kowane ɓangare da masanansa. Kuma a kimiyya "na gani" bai isa ba. Nawa ka gani? Da wace na'ura? Yawan ya kai ya yi wa jiki wani abu? Yaran da aka ɗiga wa a wancan lokacin ga su nan sun yi aure suna haihuwa.

Baba Alhaji Garba: Yara, ku ɗan saurara. Kuna magana kamar tsoron nan daga sama ya faɗo. A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna a Kano. Kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya gwada maganin Trovan, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka shanye. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi musu haka. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Anti Rabi: Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Mu da muka yi aikin gida-gida mun sha jin wannan. Ka shiga da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, ka yi sallama, uwa ta ce yaran ba sa nan, alhali ga takalmansu a bakin ƙofa. Wata ta tura su maƙwabta ta katanga. Maigida ya fito ya tambaye ka: "Ɗana na kwance da zazzaɓi, maganin sai na saya. Wannan kuma kullum kuna biyo mu da shi har ɗaki kyauta. Me ya sa?" In aka yarda, ɗigo biyu ne, a shafa wa yaro alama a ɗan yatsa, a rubuta da alli a bango. In aka ƙi, ba ka da takardar da za ka nuna masa wadda ya yarda da masu sa hannu a kanta.

Malam Habibu: Yauwa! Ai maganata ke nan. Mutane suna da dalili.

Dakta Nura: Mutane suna da dalili, ban musa ba. Amma Baba ya taɓo inda yake mini ciwo. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin ƙwararru a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya binciki batun Trovan, ya gama a 2001, ya ce gwajin ya saɓa ƙa'ida. Masana 'yan ƙasa ne, sun faɗi gaskiya ba tsoro. Aka jefa rahoton a durowa. Jama'a ba su ji abin da ke ciki ba sai a 2006, da jaridar Washington Post ta Amurka ta samo shi. Ke nan a 2003, lokacin da Abuja ke cewa Kanawa "masananmu sun ce ba komai", tana zaune a kan rahoton da zai nuna musu cewa masanan nan in sun ga ɓarna suna faɗa. Da an fitar da shi an hukunta masu laifi, da wa zai ƙi jin su?

Hajiya Safiya: Dakta, wannan kam ya tsaya mini a rai. Amma ina da ja. Abin da ya dawo da ɗigon ba rahoto ba ne. Sai da aka kawo na Indonesiya, ƙasar Musulmi, gwamna ya ɗiga da hannunsa, sarakuna da malamai suka shigo. Da hakimai da masu unguwanni aka kai ga 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Talaka ba ya karanta rahoto.

Dakta Nura: Ba ya karantawa, Hajiya, amma liman da ɗan jaridar rediyo suna karantawa, kuma su yake ji. Sarki ma sai an ba shi abin da zai dafa kafin ya sa bakinsa.

Malam Habibu: Duk da haka ba ku amsa mini ba. Kai ne gwamna, Abuja ta ɓoye maka rahoto ɗaya, yanzu ta miƙo maka wani. Ka karɓa?

Anti Rabi: Ka gwada, Malam, ba wanda ya hana. Amma gwajin makonni ne, ba watanni goma sha ɗaya ba. Ka kira masanan Kano da na Abuja su ɗebi samfur tare, su tura wuri ɗaya, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa. Kuma tsoron da aka shuka bai tafi da dakatarwar ba. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a cikin Kano, galibinsu mata.

Baba Alhaji Garba: Allah ya jiƙansu. Ni tambayata ga Dakta ce: yau in kwamitin masana ya ba minista ko gwamna shawara, akwai abin da ya tilasta masa ya buga ta kowa ya gani, ko har yanzu sai ya ga dama?