Wanda Ya Kwafsa A Zancen Farko, A Sallame Shi Ko A Ƙara Masa Dama?

Gwaggon 'Yan Mata: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina ɗaya ne: saurayin da ya kwafsa ran da ya fara zuwa zance, a ba shi haƙuri tun a ranar, kada a sake shimfiɗa masa tabarma. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mutum ya ce zai zo bayan la'asar, sai ga shi ƙarfe 9 na dare, ya wuce dattawa a dakali ko sannu babu, ya tsaya ƙofar gida yana danna hon kamar ya zo ɗaukar buhun gawayi. Ranar da ya fi kintsa kansa ke nan fa. To ina ga an saba?

Mai Dalilin Aure: Gwaggo, a yi mini afuwa, hukuncin nan ya yi tsauri. Ruɗewa daban, raini daban. Mai danna hon raini ne, na yarda. Amma yawancin abin dariyar zuwan farko ruɗewa ce, kuma an san inda take fitowa. Babba shi ne suna. Saurayi ya san yarinya da sunan makaranta ko na Facebook, a gida kuwa ba mai kiranta da shi. In sunan kakarta ta ci, Ummi ce ko Mama, kuma a gidan yawa ba wuya a samu Ummi biyu. Sai ya ce wa yaro "je ka ce ana sallama da Ummi", a fito masa da wadda aka riga aka sa wa rana, ko 'yar shekara 12 da allonta a hannu. Tun a waya ake tambayar sunan gida, da kuma Ummin ɗakin wa. Na biyu ɗan aike. A nemi yaron gidan, ba duk wanda ke wucewa ba, kuma N100 ko N200 da za a ba shi sai ya dawo da amsa. Wanda ya biya tun farko, yaro ya zarce wajen mai alawa, shi kuma ya yi minti 40 yana ciyar da sauro, a zatonsa aji ake ja masa. Wannan wauta ce ta rashin sabo, ba mugun hali ba.

Babban Yaya: Na ji, amma mai aron mota fa? Shi ma ruɗewa ce? Nan ina bayan Gwaggo. Motoci da yawa an sa musu sikiyoriti na ɓoye, wani ɗan maɓalli da in ba a taɓa shi ba injin ya mutu bayan an ɗan yi tafiya. Mai mota ya manta bai nuna masa ba. An gama zance, an yi sallama cikin ƙasaita, ya ja kaɗan, mota ta mutu a bakin layi. In mai giya ce, ƙannen yarinyar ne za su yi turi. In otomatik ce turi ba ya tashin ta, kwana za ta yi a ƙofar surukai, da safe mai ita ya zo da bakanike yana tambayar wa ya ajiye masa mota a nan. Alamun ma tun kafin haka suna fitowa: bai san gefen da tankin mai yake ba, yana neman wutar gaba sai wayifa ta tashi, wayarsa na ta ƙara yana kashewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Telan Unguwa: Yaya, aro ba ƙarya ba ne sai baki ya sa hannu. Ango ma alkyabbarsa sau da yawa ta aro ce, ba wanda ya ce ya yaudari amarya. Laifin yana ga kalmar "motata". Wanda ya ce "ta abokina ce" ko ta mutu dariya kawai za a yi. Game da kaya kuwa, shawara kyauta: babbar riga tana ɓoye aro, amma 'yar ciki da wando ba sa rufa asiri. Hannu ya rufe yatsu, kafaɗa ta zubo, wando na sharar ƙasa ko ya tsaya a ƙwauri. Hula ita ce ta fi tona mutum, don in ta fi kai sai ta sauka kan kunne duk lokacin da ya sunkuya gaisuwa. Gara yadi mai sauƙi da aka auna shi a jikinsa, wankakke, gogagge. Turare kuma fesa biyu ko uku ya isa. Zaure ba shi da taga, in an yi wanka da shi yarinya atishawa za ta yi ta yi maimakon hira.

Gwaggon 'Yan Mata: Tela, kasuwarka kake nema, mun gane.

Direban Adaidaita: Wai duk laifin na maza ne? Hoto fa? An shafe fuska da filta har hanci ya ɓace, mutum ya zo ya gaishe ta ya ce "don Allah kira mini yayarki". Sannan ko mako ba a rufa ba waya ta faɗa ruwa, ankon ƙawa ya fito, data ta ƙare. Gwaggo, ita ma a sallame ta a zuwan farko?

Gwaggon 'Yan Mata: Ƙwarai kuwa, ɗana, ban ware kowa ba. Yarinyar da ta fara roƙo kafin a san gidan su yaro ta zubar da ƙimar gidansu. Toshi kyauta ce da saurayi ke ajiyewa don raɗin kansa in zai tafi, gwargwadon ƙarfinsa, kuma akan miƙa ta hannun ƙanwa ko a sa ƙarƙashin tabarma, ba a ƙirga ta a gaban mai bayarwa. Jan aji kuwa minti 15 zuwa 20 al'ada ce, ana shiri, ƙanne na leƙe suna kai rahoto. Ya wuce rabin awa ba aike ba ruwan sha, to amsa ce aka ba shi, ya kama hanya.

Mai Dalilin Aure: Akwai kuma ɗan rakiya, wanda ya kashe zance fiye da mota da filta. Aikinsa ya yi sallama, ya gabatar, ya yi barkwanci ɗaya, ya koma gefe. Kuskuren masu kunya shi ne su ɗauko abokin da ya fi su baki da ado. Mai neman ya yi shiru yana tsinkar tabarma, aboki na ta zuba, ƙarshe yarinya ta aiko tambaya ko wanne ne daga ciki. A ɗauki mai aure, wanda ya girme ka, kuma mutum ɗaya tak. Zancen farko kada ya haura minti 30 zuwa 40.

Malamin Islamiyya: Allah ya saka da alheri. Rabin abin kunyar nan tsallake mataki ne ke jawo shi. Kafin tabarma akwai izini: a aika babba wurin waliyyi, a tambaya ko an yi wa yarinya miji, don shari'a ta hana nema cikin nema. Wanda aka ba izini ba ya laɓe a bayan layi, ba ya tserewa ya bar takalmi in ya ji gyaran muryar uba. Wurin zama kuma zaure ko falo inda ake wucewa, ba cikin mota mai baƙin gilas ba. Sai batun kayan da aka kashe, wanda shi ke kai mutane gaban alƙali. Abin da ya fi rinjaye a mazhabar Malikiyya: in namiji ne ya fasa, ba ya karɓar abin da ya bayar, in daga ɓangaren mace ne, ana mayar masa, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa. Don haka Gwaggo tana da hujja ta wannan fuska: sallama da wuri ta fi arha, kafin kayan azumi da na sallah su taru a fara lissafi a littafi.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, ni zancen da ya fi ba ni tsoro ba wanda mota ta mutu ba ne. Shi ne mai daɗi, wanda aka shekara biyu ana yi ba a tambayi jinotayif (gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila) ba sai lefe ya shigo gida. AS da AS, kowane ciki yana da kaso 25 cikin 100 na haihuwar mai sikila. Kowane ciki fa, ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Ana iya jera uku. Mai AC ma in ya haɗu da AS akwai SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, har da HIV da ciwon hanta, amma wanda ya jira sai an nemi takardar ɗaurin aure ya makara, zuciya ta riga ta kamu. A zuwa na biyu ko na uku ake tayar da maganar. A je tare, a yi a wuri biyu daban, kada a karɓi hoton sakamako ta WhatsApp. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya faɗa, don sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba.

Babban Yaya: Anti Nas ta kawo magana. Haka ma bincike: ba a tabarma ake sanin hali ba, kowa malami ne a minti 30. A tambayi masallacin layinsu, maƙwabcin shagonsa, da wanda ya taɓa bin sa bashi. In ya taɓa aure, a ji ta bakin dangin matar. Ban da abokansa.

Gwaggon 'Yan Mata: To, na sassauta wa wanda aka fito wa da Ummin da ba ita ba, da mai hular da ta sauka kan kunne. Su dawo sau ɗaya. Mai "motata" da mai hon kuwa ban janye ba.

Direban Adaidaita: Mai hon ya zo in kawo shi, Gwaggo. Zan sauke shi a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa, dole ya gaida 'yan dakali.